Layar Inna

Shekaranjiya jikana ya ɗauke ni a mota zai kai ni asibiti, na ce ya biya da ni ta Jarwal, a nan Makka, in ga tsohuwar unguwarmu. Ya yi ta kewayawa da ni tsakanin waɗansu dogayen benaye masu gilashi, yana nunawa da hannu yana haɗa Larabci da Hausa yana cewa, "Hina, ya jadda, nan ne Jarwal." Na ce ƙarya yake yi. Yaron da ko Hausar kirki ba ya iya haɗawa, in na yi masa faɗa sai ya yi dariya ya sumbaci goshina, shi ne zai nuna mini inda na yi wayo? Amma da na ɗaga kai na ga guntun dutsen da ya rage a bayan benayen, sai na gane shi. Na dawo gida raina a jagule, na ture abinci, kuma tun ranar ba abin da nake tunawa sai Inna da layarta.

Jarwal ɗin da na sani ba ta da bene ko ɗaya a ɓangarenmu na Takari. Ɗakunanmu da garwar kananzir aka yi su, a farke ta a buge ta ta miƙe, a kafa a jikin itace, a rataya buhu a ƙofa. Da tsakar rana in ka kuskura ka jingina da bango sai ka ɗaga da tabo. Da sassafe abin da ke tashinmu shi ne ƙarar garewani, 'yan ga-ruwa suna gangarawa wajen ɗiban ruwa da sanda a kafaɗa, sai lugude daga gidajen da aka sami gero, sai kukan raƙuman da ake ɗora wa kaya. Kiran salla daga Harami da muryar mutum kawai yake zuwa, siriri, sai iska ta ga dama ta kawo shi, shi ya sa in lokaci ya yi manya kan tsawata mana mu yi shiru a saurara. Yanzu lasifika har cikin ɗaki take shigo wa mutum, kuma yaran nan suna kwance cikin sanyin na'ura ba sa motsi. Ni da Inna gyaɗa muke soyawa a cikin yashi, mu ƙulla a takarda, sannan mu yi wa waɗansu gidajen Larabawa wanki. Hannuna duka biyu sun sha toka da sabulu har suka daina jin zafi.

Mu biyu ne kaɗai, ni da ita. Babana ya rasu a hanya, a ƙasar Sudan, ina goye. Shekara bakwai suka yi suna tafiya daga ƙasar Hausa, a tsaya a yi ƙwadago a gonar wani, a ƙara gaba. Inna ta ce da zai cika ya riƙe hannunta ya ce, tunda shi ƙasar Makka ba ta kira shi ba, ita ta je ta kwanta a can a madadinsu su biyu. Wannan magana ita ce ta riƙe Inna a duniya. In wata maƙwabciya ta fara zancen komawa gida, ana tuna daddawa da ruwan damina, Inna takan ce, "Ku koma lafiya. Ni ba zama na zo yi Makka ba, kwanciya na zo yi." Ba ta da wani buri da ya wuce a sallace ta a Harami a rufe ta a nan.

Tana da wani tsohon tabo a ƙwaurin hagu, faffaɗa, mai sheƙi, da kuma wata 'yar laya baƙa da take ratayawa a wuya ta cusa cikin riga. Laya ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kusan kowace tsohuwa tana da tata, sai dai a ɓoye. Lokacin akwai masu sanda da ke zaga kasuwa da unguwanni, suna kora mutane salla, suna fasa tukunyar taba, kuma in suka ga laya a wuyan yaro sai su tsinke ta su farke a gaban kowa. In takarda suka samu, a yi wa uwar yaro faɗa a wuce. Abin da kowa ya fi tsoro shi ne a ce mutum ba Musulmi ba ne ya saci jiki ya shigo. Ana ta ba da labarin irin waɗannan, wai an kama wani, wai an kai wani Jidda an jefa shi jirgi, wai wani ma ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ban taɓa ganin ko ɗaya da idona ba, amma tsoron ya ishe mu, mu da ba mu da takarda ba mu da gata.

Ina da kamar shekara goma sha biyar tabon Inna ya buɗe. Ya fara da ƙaiƙayi, ya koma gyambo, har ta daina fita. Wata safiya na taimaka mata ta goge jiki, ta cire layar ta ajiye a gefen tabarma, zazzaɓi ya kwashe ta da barci kafin ta mayar. Na ɗauka na duba. Gumi ya cinye fatar, ɗinkin ya fara zarewa, igiyar saura ƙiris ta tsinke. Sai na ce a raina bari in faranta wa Inna, in kai a yi mata sabuwar riga kafin ta farka. Wannan shi ne wayon da na yi, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Akwai wani tsohon baduku a bakin hanyarmu, Baba muke ce masa. Takalma yake ɗinkawa da salka da kube a fili, layu kuma a ƙarƙashin tabarma. Mutum ne mai tsanani, ba ya wasa da yara, ba ya rasa sahun farko. Ƙa'idar dukawa kuwa ba a buɗe layar mutum, sabuwar fata ake naɗawa a kan tsohuwa a ɗinke, shi ya sa ban ji ɗar ba. Na durƙusa na gaishe shi na miƙa. Ya juya ta a hannu, ya danna da babban yatsa, ya ce, "Wannan ba takarda ba ce a ciki." Bai rufe baki ba ruɓaɓɓiyar fatar ta dare, wani abu ya faɗo a tafin hannunsa.

Ɗan farin ƙarfe ne mai siffar ƙwayar kabewa. An zana mace a jiki, a tsaye, da lulluɓi har ƙasa, ta buɗe hannuwanta biyu. Baba ya juya bayan. Ni ban san abin da nake kallo ba, amma na ga yadda fuskarsa ta sauya.

Ya ce, a hankali, "Ke, 'yar nan. Kin san mene ne wannan? Gicciye ne. Na Nasara."

Daidai nan muka ji "Salah! Salah!" da bugun sanda a jikin rumfar maƙwabcinsa. Azahar ta gabato. Ba aljihu a jikin Baba, 'yar shara ce kawai, kuma mai sandan ya riga ya sako kai. Sai na ga Baba ya kai hannu baki kamar mai tari. Ya jefa ƙarfen nan a kuncinsa.

Mai sandan dogo ne, da jan rawani mara igiya. Ya dube ni, ya dubi baƙar fatar da igiyarta a kan tabarma, ya ce, "Esh hada, ya shaiba?" wato mene ne wannan, tsoho. Baba ya kama kunci ya yi gurnani. Ni na fi shi Larabci, a titin nan na girma, sai na ji bakina yana magana ba da izinina ba. Na ce kakana ne, haƙori ke damunsa tun jiya. Mutumin ya sa bakin sanda ya juya fatar, ya ga ba komai a ciki, ya tambaya ko laya ce. Na ce gidan kwallin uwata ne ya lalace. Ya daɗe yana kallona. Ina jin gumi yana bin bayana har cikin zane, ina jin numfashin Baba ta hanci. Can ya buga sanda a ƙasa ya ce a rufe a tafi masallaci, ya wuce.

Baba ya tofo abin a hannu, ya ɗauki buta ya kurkure baki sau uku. Na miƙa hannu in karɓa, ya dunƙule nasa.

"Tafi gida. Ki ce da uwarki ina nan zuwa bayan la'asar."

Na tarar da Inna ta farka, ta ja jiki da ƙafar nan ta birkice ɗakin kaf, har tokar murhu ta tona. Da ta ga fuskata sai ta zauna daɓas. Na faɗa mata duka, har da zancen kunci. Na so ta doke ni, wallahi da ta doke ni da na ji sauƙi. Sai kawai ta ce, "Kin kashe ni, 'yar nan," ta juya ta fuskanci bango. Tsakanin azahar da la'asar ɗin nan ban taɓa ganin wuni mai tsawonsa ba. Duk takun da na ji a waje sai in ce su ne.

Shi kaɗai ya zo. Ya yi sallama ya tsuguna a waje, buhun ƙofa na tsakaninsa da Inna, ni kuma ina rakuɓe a gefe ina ganin su duka biyu.

Ya ce, "Hajiya, tambaya ɗaya na zo da ita. Ke Musulma ce?"

Inna ta yi kalmar shahada cikin fushi. Ta ce, "Malam, shekara nawa kana ganina ina wucewa Harami? Yau ni ake tambaya?"

"To me wannan yake yi a wuyanki?"

A nan na ji labarin da ban taɓa ji ba. Bayan rasuwar babana, gyambon nan ya kama ta a hanya, ya ci har ƙashi yana wari. Ayarinsu suka yi haƙuri da ita kwana biyu, rana ta uku suka bar ta a gindin wata katanga a wani gari na Sudan, da ni a cinya da ƙullin gari. Katangar ta gidan matan mishan ce, irin na 'yan Fada, masu farin lulluɓi da ba sa aure. Wata tsohuwa a cikinsu, Baturiya mai tsinken hannu, ita ta ɗauke mu. Wata uku tana wanke ƙafar nan da hannunta safe da yamma, ba ta taɓa toshe hanci ba. Da likita ya ce sai an yanke, tsohuwar ta roƙi a ba ta mako guda. Ta zo da wata 'yar kwalba, ta zauna ta ba Inna labari da gurguwar Larabcinta. Wai a ƙasarsu Maryamu uwar Annabi Isa ta bayyana ga wata yarinya matalauciya da ta fita ɗiban itace, a bakin wani kogo, ta ce ta tona ƙasa. Yarinya ta tona, ruwa ya ɓuɓɓugo, kuma har yau marasa lafiya suna zuwa daga ko'ina, waɗansu su tashi su rataye sandunansu a bakin kogon su koma gida da ƙafarsu. Ta ɗiga wa Inna ruwan a kan gyambo, ta ɗaura mata ƙarfen nan, ta durƙusa tana ta addu'arta tana kuka.

Inna ta ce, "Kafin mako ya cika nama ya taso. Ban ce ruwan ne ba, Malam, ban kuma ce ba shi ba ne. Allah ne mai warkarwa, amma ban san ta hannun wa ya aiko ba. Matar nan ba ta taɓa cewa in bar salla ba, ita take kawo mini ruwan alwala. Da za mu tafi ta ce in na isa garinmu mai tsarki in sa ta a addu'a. Kuma ina sa ta."

Baba ya ce, "Subhanallahi. A ɗawafi?"

"A ɗawafi. Maryamu kuma ba tamu ba ce? Ba sura guda aka saukar da sunanta ba?"

"Tamu ce. Amma ba a ƙera ta a ƙarfe, ba a sa mata gicciye a baya, ba a kuma shigo da ita nan." Sannan ya rage murya. "Hajiya, bar zancen masu sanda. Ranar da kika cika, mata za su zo wanka. Za su cire ta daga wuyanki, fatar ta dare a hannunsu yadda ta dare a nawa. Wa zai sallace ki? A wace ƙasa za a sa ki?"

Na ga maganar ta shige ta. Ta daɗe tana kallon ƙafarta. Sannan ta yi abin da ban taɓa ganin ta yi wa kowa ba, ta roƙe shi. Ta ce ya dubi Allah ya mayar mata, ko da zuwa ranar da ƙafar za ta rufe, domin tun da aka ɗaura mata ita ciwon bai dawo ba sai bana da fatar ta lalace. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya tashi ya kakkaɓe gwiwa ya tafi da abin a hannunsa.

Kwana uku ba mu gan shi ba, rana ta biyu ma rumfarsa a rufe ta wuni. Na tabbata ya tafi wurin shugaban Takari, ko wurin da ya fi nan. Na daina soya gyaɗa. Maƙwabta suna leƙowa duba Inna, ni kuma ina karanta fuskar kowa ko ta ji wani abu. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, Inna ba ta ci ba ta sha, hannunta kullum yana lalubar wuya inda babu komai. Sau ɗaya ta ce mini, in sun zo kada in bi ta, in ce ni 'yar riƙo ce ban san komai ba. Na ce ba zan faɗa ba, muka yi faɗa a kan haka muna raɗa don kada a ji.

Rana ta uku da hantsi ya yi sallama. Ya zuro hannu ta gefen buhu, ga laya sabuwa da jar fata, ɗinki rututu, da igiya mai ƙwari. Ya ce, "Ga ajiyarki, Hajiya. Wannan ɗinkin ba zai dare ba." Inna ta karɓa, ta riƙe a tafin hannu na ɗan lokaci tana kallo, sannan ta rataya ta cusa cikin riga. Ta yi ta yi masa godiya.

Ya ce in raka shi. Da muka yi nisa da ɗakin ya tsaya, bai dube ni ba, ya ce abin da ke cikin layar guntun garwa ne, ya yanka daidai girman wancan ya goge bakinsa. Wancan kuwa, jiya ya fita da shi kamar mai zuwa ɗauko haramin umara, ya taka har Tan'im, ya wuce alamun da ke nuna iyakar Harami, ya naɗe shi a ƙyalle mai tsabta ya binne a gindin wata ƙaya.

"Ban iya jefa shi a juji ba, an ce uwar Annabi ce a jiki. Ban kuma iya barinsa a cikin garin nan ba. In kin gaya wa uwarki, ke kika sani, amma ƙafarta nake ji."

Ban gaya mata ba. Na ci gaba da wanke gyambon da ruwan zafi da gishiri, wata maƙwabciya ta kawo garin magani, wani ya kawo zamzam, kuma bayan kamar kwana arba'in ya rufe. Kowa ya ce nasa ne ya yi aiki. Inna kuwa sai dai in gan ta tana shafa ƙirji ta saman riga, ni kuma in kau da kai, domin ni kaɗai na san gwangwani take shafawa. Na yi aure, na haifi uku, Baba baduku ya rasu, ina ɗauke da maganar nan. Sau da yawa na buɗe baki in faɗa sai tsoro ya kama ni, kada in faɗa ƙafar ta buɗe. Ni da ban yarda da ƙarfen ba, ga shi na koma tsoron gwangwani.

Ciwon ajalinta ba na ƙafa ba ne, tsufa ne da tari. Ranar da za ta rasu, da hantsi, mata sun cika tsakar gida, ta ce kowa ya fita sai ni. Ta sa na ɗago kanta, ta zare layar da kanta ta sa a hannuna.

Ta ce, "In masu wanka suna so su buɗe, bar su su buɗe. Garwa ce."

Ta yi 'yar dariya, tari ya sarƙe ta, ta huta.

"Shekara goma sha biyu ina ɗauke da abu a ƙirjina, a ce ban san nauyinsa ba? Tun da ya sa mini a hannu na sani."

Na ce, "Inna, to me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Tsoho ya sa gicciye a bakinsa saboda ni, sannan in ce masa maƙaryaci? Ke kuma na ga kina ta fama da shi, na ce bari in bar ki, ke ma ki ɗan ɗauki wani abu." Ta lumshe ido, na zaci barci ne. Can ta ce, "Ina ya kai Maryamun?"

Na gaya mata. Na ce Tan'im, bayan alamun iyaka, a gindin ƙaya, a cikin ƙyalle mai tsabta. Ta yi ta gyaɗa kai a hankali.

Ta ce, "Ya kyauta. Ita ma ta yi ƙoƙari, ta rako ni har bakin ƙofa."

Bayan la'asar aka sallace ta a Harami, a sahu ɗaya da sauran gawawwakin ranar, aka kai ta inda ta ce ta zo kwanciya.